Ɗakin Bakin Ƙofa

Gwaggo kowa yake ce mata a unguwar, har waɗanda suka girme ta. Mijinta direban motar asibiti ne, ya rasu ya bar mata gida mai ɗakuna da yawa da rijiya a tsakiya. 'Ya'yanta duk sun tafi birni neman aiki kamar sauran matasan garin. Har ta kai makarantar unguwa tana haɗa aji biyu wuri ɗaya saboda ƙarancin yara.

Wani tela da matarsa ne ke haya a ɗakin bakin ƙofa. Sun daɗe har ƙafafun kekensa sun ci simintin ɗakin. Kuɗin hayar bai taka kara ya karya ba, Gwaggo kuma ba ta damu ba. In ciwon bayanta ya tashi, matar tela ce ke ja mata ruwa.

Sai aka buɗe kamfanin sarrafa hatsi a bayan gari. Baƙin ma'aikata suka cika ko'ina, ɗaki ya yi wuya. Babban ɗanta ya zo ya zagaya gidan.

"Inna, kina zaune kan arziki kina wahala. A gyara ɗakunan nan a ba ma'aikata."

"Tela fa?"

"Ki bar ni da shi."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ranar da tela zai kwashe kaya, ta ɗauki mayafi ta tafi duba ƙanwarta, wadda lafiyarta ƙalau.

Gyaran ya yi kyau, ma'aikata suka kama ɗakunan. Ta daina roƙon 'ya'yanta kuɗin magani, rufi ya daina yoyo. Amma in zanenta ya yage, da hannu take ɗinkewa a karkace, don ba ta iya kai shi wurin wani telan.

Wata rana a layin asibiti ta ji labari: tela da matarsa sun koma can ƙarshen gari inda mota ba ta shiga, masu kawo ɗinki sun watse, ya sayar da keken. Yanzu bakin buhuna yake ɗinkewa a kamfanin.

Ta nemi gidan har ta samu. Ɗaki ne ɗan ƙarami, katifa jingine da bango. Matar ta kawo mata ruwa, ta koma gefe ta zauna. Gwaggo ta ce za ta kwashe tarkacen ɗakin ajiya su dawo.

"Haba Gwaggo," in ji tela, "gida naki ne, ba mu riƙe ki da komai ba. Nan ɗin ma ya fi kusa da wurin aiki."

Da ya zage ta, da ta fi samun sauƙi. Ya rako ta har bakin titi yana tambayar bayanta.

Tana isa gida ta kira ɗanta, ranta a ɓace. Ya ɗauka ya ce, "Inna, lafiya?" Ta nemi laifin da za ta ɗora masa shi kaɗai ta rasa. Sai ta tambaye shi ya yara.