Fim ɗin Baba Mai Duhu

Juma'ar farko ta azumin shekarar korona, ina durƙushe ina yanka albasa a ɗakinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz a ƙasar Larabawa, sai na ji kiɗan nan ya sake tashi daga talabijin. Na ajiye wuƙa na ce, "Haba Baba, yau ma?" Ko kallona bai yi ba.

Shekarata goma sha uku a lokacin. An rufe makarantu, kamfanin da Baba yake wa tuƙi ya ce direbobi su zauna gida, ga mu ciki da falo, ga talabijin ɗaya. Kuma kullum abu guda: wani tsohon fim na Turawa, baƙi da fari, wani ɗan sanda mai malfa yana yawo a lungunan birnin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, yana neman wanda ya yi kisa, alhali kowa ya san wata mata mai shan taba ce ta yi, ban da shi. Umma kan wuce da kwandon shanya tana tsaki, ta ce, "Gari guda a rasa mai kunna fitila!"

Da na gaji, sai na binciko a waya abin da 'yan jarida suka rubuta lokacin da fim ɗin ya fito. Sun ce duhu ya yi yawa, labarin kuma tafiyar hawainiya yake. Na karanta wa Baba da ƙarfi ina jin daɗi. Ya ce, "Gangara ƙasa, 'yar Baba." Na gangara. Ashe masana na baya sun juya, suna ta yabon duhun nan. Baba ya ƙara sauti. Kamar in fashe don haushi.

Kafin sallah kakana, mahaifin Baba, ya rasu a Kano. Babu jirgi, a waya Baba ya karɓi gaisuwa. Da ya sake kunna fim ɗin na buɗe baki, Umma ta ja ni kicin ta ce, "Mahaifinsa ne ya goya shi a keke ya kai shi silima suka kalla, yana ƙarami. Ƙyale shi."

Lokacin gasar kofin duniya Baba ya koma jigilar 'yan kallo zuwa filin wasa na Al Thumama, sai mu wuni ba mu gan shi ba. Talabijin ta zama tawa, na rasa abin kallo. Yanzu sun koma Kano da Umma, ni ina nan ina karatu, ɗakina shiru. Har gobe fim ɗin nan bai burge ni ba, amma da zan samu, da na zauna kusa da Baba har ya ƙare.