Neman Sandar Fatsar Baba a Dagenham

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da abokin zamana, wani likita ɗan Katsina da muke haɗa flat a Camberwell. Ranar Asabar ce, ana wannan yayyafin nasu da ba ya jiƙa mutum sai dai ya ɓata masa rai. Shi ya ɗauki laima, ni kuma na cusa wata ambulan a aljihun kwat.

Wasiƙar Baba ce a ciki, hedimastan garinmu ya rubuta masa. Mu masunta ne a ƙasar Haɗeja. Tun bayan farin nan ruwa ya ja baya, bado da kainuwa suka rufe tafkunan da suka rage, ta yadda ko birgi ka jefa ciyawa za ka kwaso. Kifin yana nan a ƙarƙashi, musamman tufi da manyan tarwaɗa, kuma ba abin da ke fito da su kamar kwaɗo. To wani Bature mai awon aikin ban ruwa ya ba Baba kyautar kwaɗon roba, mai ƙugiya biyu da suka kalli sama suka kwanta a jikinsa, don kada su kama ciyawa. Gora biyu Baba ya karya a kansa. Shi ne ya ce in nemo masa sanda irin ta Baturen. Ya kuma naɗo zare a jikin tsinke ya sa a ambulan, ya ce da shi za a auna, kada a yi kirdado.

Ban ko warware zaren ba. Ni da na tashi a jirgin ruwan Baba za a koya wa tsawon sandarsa? Gaba biyu ce da kamu ɗaya, ko a barci aka tashe ni zan faɗa.

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu. Shekarata huɗu rabona da gida. Duk hutu sai in ce baɗi, in sayi rediyo ko agogo in ba mai tafiya ya kai. Karatuna ya ƙare, amma an yi mini tayin ƙarin shekara guda, kuma ranar Litinin ake jiran amsata. Na riga na shirya cewa to. Sandar ma wani ma'aikacin gwamnati da zai koma Kano ran Laraba na yi niyyar ba.

Daga Camberwell muka hau bas mai bene zuwa tashar Elephant, muka gangara tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canza jirgi a bakin kogi muka miƙa gabas. A dandalin muka ci karo da mutanenmu, su biyar da akwatuna tara. Tun da kuɗin man fetur ya buɗe a gida, ba ka rasa irinsu, an zo kos na mako uku an sayi kayan shekara uku. Muka gaisa da hannu bibbiyu, aka tambayi sanyi, kowa ya kama gabansa. Ban yi musu dariya ba, don ni ma makon jiya na shiga manyan shagunan tsakiyar gari na ce a ba ni sanda mafi tsada. Suka fito mini da wasu sirara masu sheƙi, na kamun kifin rafi. Da na ce kwaɗo, sai yaran shagon suka kalli juna. Wani mai tura gadon marasa lafiya a asibitin abokina ne ya ce mu je Dagenham, can ne ake da masu kamun kifin gaske.

Bayan wasu tashoshi jirgin ya fito daga rami ya hau doron ƙasa. Gidajen duk iri ɗaya, jan bulo, bututun hayaƙi, shanya a bayan gida. Can nesa ga masana'antar motoci ta cinye rabin sararin sama. Likita ya yi gyangyaɗi tun tasha ta uku. Ni kuwa duk inda na hango kududdufi sai na ɗaga wuya. Na yi kewar warin ruwa, wallahi, irin warin laka da ruɓaɓɓen bado da nake toshe wa hanci a da.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai aski da mai sayar da jarida. Kana buɗe ƙofa ƙararrawa ta kaɗa, warin tsutsa ya tare ka. Mai shagon dattijo ne, gajere, ya yi aikin motoci har ya gaji. Na yi masa bayani da Turancina na jami'a. Da na gama, ya tambayi kaurin ciyawar da girman kifin. Na nuna masa da hannu. Ya ce su ma suna da wani kifi mai dogon baki da haƙora da ke laɓewa a ƙarƙashin ganye, kuma shi kansa yana da kwaɗon roba da wani sojan Amurka ya bar masa.

Abin da ya koya mini a tsaye ya fi darussa da yawa da na zauna wa. Ya ce sandar da ke lanƙwashewa tun daga gindi ba ta da amfani a ciyawa, don kifin yana cafka zai nutse ya naɗe zare a saiwa. Ana son mai taurin baya, wadda za ta fizgo kan kifin sama da ciyawar da komai, amma bakinta da ɗan laushi don kwaɗon ya yi tsalle-tsalle a kan ganye. Zare mai kauri, zobba masu faɗi, abin naɗi wanda ba ya tsoron laka. Kuma idan ruwa ya fashe kada a ja nan take, a ƙirga biyu tukuna. Wannan na ƙarshen Baba ya sha faɗa mini da Hausa, har da rankwashi.

Na nufi wata doguwa da ta kusa taɓa rufi na ce ita. Ya tambaya ko ina da awo. Sai a lokacin na ciro tsinken, muka warware zaren a kan teburin shagon, shi riƙe da baki ɗaya ni da ɗaya.

Gaba guda ce da kamu ɗaya, shi ke nan.

Na ce ai tsinkewa ya yi a hanya. Na duba bakin, sai ga ƙullin Baba, irin wanda yake yi wa ƙugiya, a nan da can. Ba abin da ya tsinke. Akwai kuma ƙulli na uku a ciki, wajen kamu ɗaya da rabi daga ƙasa. Dattijon ya dafa shi da yatsa ya ce nan ne iyakar mariƙi. Ya ce tsawon sandar ya yi daidai da aikin, mai awon ya san abin da yake yi. Amma mariƙi mai tsawo haka na mutumin da ke kamawa da hannu biyu ne, ya tokare gindin a hammata. Ya taɓa kafaɗarsa ya ce shi ma haka yake yi yanzu. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Yaushe rabonka da shi?"

Na faɗa masa. Ya juya yana duba sanduna.

Baban da na bari da hannu ɗaya yake wurga fatsa, ɗayan yana kan filafili yana juya jirgi yadda ya ga dama. Mai riƙe sanda da hannu biyu ba ya tuƙi. Ke nan Baba ya daina shiga ruwa, a gaɓa yake zama yana jefa kwaɗonsa iya inda ƙarfinsa ya kai. Ƙannena duk sun tafi Kano aikin gini. Kuma kowace wasiƙa da ta zo mini a shekara huɗun nan, lafiya lau take cewa.

Likita ya matso ya yi ƙasa da murya. "Malam, wannan shoulder ce, kafaɗa, ko kuma wrist, wuyan hannu. A shekarunsa ba abin mamaki ba ne. Ana treating, amma sai an gan shi."

Sandar da ta dace da zaren baƙa ce, mummuna, ba ko ɗigon ado, kuma kuɗinta bai kai rabin na waɗanda na gani a tsakiyar gari ba. Dattijon ya ce zai ƙara mata mariƙi kafin azahar, mu je mu ci abinci. Muka sayi kifi da dankali a takardar jarida, bayan Likita ya tsare matar da ke sayarwa da tambayar irin man da ta yi suya da shi. Kifin ba kai, ba ƙaya, ba ɗanɗano. Allah ya taimake mu Likita ba ya rabo da ƙullin yaji a aljihu.

Da muka koma, dattijon ya rufe shago ya kai mu wani tafki a bayan gari, tsohon ramin tsakuwa da ganye ya lulluɓe gefensa. Turawa na jere a kan 'yan kujeru, kowa shiru kamar ana zaman makoki. A gabanmu wani ya kamo kifi mai tsawon hannu, ya auna shi, ya shafa shi, ya mayar ruwa. Likita ya yi salati. Na ce in Baba ya ji wannan labari cewa zai yi na koyo ƙarya a Ingila.

Na jefa kwaɗon dattijon da hannu ɗaya, ya tafi can tsakiya, inda ganyen ya fi duhu, inda kowane masunci ya san manya suke kwanciya. Sai na zauna a kan ciyawa, na tokare sandar a hammata, na kama da hannu biyu na sake jefawa a hankali, yadda mai ciwon kafaɗa zai yi. Ko rabin wajen bai kai ba. Na maimaita sau uku. Ban kama komai ba, kuma ban iya ɗaga kai na dubi kowa ba, don idona ya cika.

A jirgin dawowa sandar ta zame mana aiki, tunda ba ta rabuwa biyu. Na tsokane hular wata tsohuwa, na ba da haƙuri, na tsokane fitila. Kwandastan bas ya hana ni hawa bene, na tsaya a ƙofa rungume da ita har Camberwell. Muka isa ana shirin magariba, Likita ya ɗora shayi.

Tafiyar ta koya mini yadda ake zaɓen sandar kwaɗo: taurin baya, laushin baki, zare mai kauri, kuma kada tsada ta ruɗe ka. Ta kuma nuna mini cewa mutanenmu ba sa rubuta ciwo a wasiƙa, kuma ni na ji daɗin hakan, shi ya sa ban taɓa matsa tambaya ba.

Ranar Litinin na je ofishin makaranta na yi godiya, na ce a ba wani gurbin. Mai tafiya Kano ya zo karɓar saƙo, na ba shi takarda kawai. Layi uku ne a ciki. Baba, sanda ta samu, daidai awonka. Ni zan kawo ta da kaina kafin ruwa ya janye. A sa wani ya duba jirgin ko yana yoyo, don ni zan riƙe filafili.