Na Je Roƙo a Sakar wa Bakura Ruwa

Mafara zuwa Bakura

Ana idar da sallar asuba na ɗaura mayafina na nufi tashar Talata Mafara, ko kokon safe ban tsaya sha ba. Daminar da ta biyo bayan zaɓe ce, zaɓen da mu mata muka fara jefa ƙuri'a a cikinsa. Ni Balki mai ƙuli-ƙuli har rawa na taka a layi ran nan. Saƙo ne ya iso mini cewa shinkafar yayana Ummaru tana mutuwa a fadamar Bakura.

A-kori-kura na samu, aka cusa ni tsakanin buhunan gishiri da wata akuya marar kunya. Sau biyu 'yan sanda suka tsayar da mu. Tun da suka buɗe wa manoma wuta a bakin dam ɗin Bakalori da bazara, ba mai ɗaga ido ya dube su, har direbanmu mai shegen surutu bakinsa ya mutu.

Da hantsi Yaya Ummaru ya kai ni gonar. Shinkafar fadama ba ruwan sama kaɗai take sha ba. Ana watsa iri da ruwan fari, sannan gulbi ya cika ya malalo, tana tsawo ruwan yana tsawo. Tun da aka datse gulbin a Bakalori malalar ta daina zuwa. Bana ya watsa jar shinkafar da muka gada wurin mahaifinmu, don ɗan majalisarmu ya rantse lokacin neman ƙuri'a cewa mulkin farar hula zai saki ruwa. Ga ta nan ta yi jajir, iya ƙaurina. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ya ce idan ruwa bai zo kafin watan ya mutu ba, shi ke nan. Na ce ai ɗan majalisar nan ɗan ƙawata ne, ni na goya shi, kuma an ce yana Maradun wurin taro. Gidan Yaya na kwana.

Bakura zuwa Maradun

Babu motar da ke zuwa kai tsaye, sai da na koma Mafara na hau ta katako. Hanya duk taɓo, muka kafe, maza suka sauka turi. Hoce na saya hannun wata mata na ci da ruwan salka.

Da muka doshi Maradun na ga ruwan da muke kuka a kansa. Ya shimfiɗe iyakar ganina, kawunan itatuwa ne kawai suka leƙo. Wani tsoho da ke kusa da ni ya nuna mini wata tsamiya can tsakiya, ya ce a gindinta gonarsa take. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce in roƙa musu su ma, a kwashe ruwan duka a kai mana, ba su so.

Bayan la'asar na samu ɗan majalisa a zauren wani ɗan kasuwa, mutane danƙam, kowa da kukansa. Ban jira layi ba. Ya gan ni ya miƙe, ya durƙusa har ƙasa, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Na zazzage masa komai, har da gorin goyo. Ya bari na gama, sannan ya ja ni gefe.

"Inna, wallahi ba ni da iko da ƙofar ruwan ga. Na yi magana Sakkwato, anka ce abin na Ikko ne, hannun gwamnatin tarayya. Na tafi dam da kaina, mai gadi ya hana ni shiga."

"To mi ya sa ka rantse muna?"

"Na zaci in anka zaɓe mu, mu ka da iko."

Na zo da zagi cike da bakina, na rasa wanda zan ba. Ya sa aka kai ni gidan wata gwaggonsa na kwana, ita ma baƙuwa ce a unguwar, ruwa ya ci garinsu.

Komawa

Washegari da la'asar na sake sauka Bakura. Yaya Ummaru yana zaune ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya dubi fuskata, bai tambaye ni komai ba, ya ce in shiga in huta.

Bayan magariba matarsa Hajo ta kawo mini tuwon jar shinkafa da miyar kuka, har da man shanu. Yunwa nake ji, na ci na suɗe kwano. Sai da na wanke hannu hankalina ya dawo: ina suka samu shinkafa a tsakiyar damina, gidan da ake auna dawa da tafin hannu? Hajo ta sunkuyar da kai. Ta ce ƙwarya guda ce Yaya ya ɓoye cikin rumbu, ko da ta gona za ta ƙi. A gidanmu ko shekarar yunwa ba a taɓa iri, ganye muka ci muka bar shi.

Na fito na ce, "Yaya, iri ka ba ni na ci?"

"Ina za ni shuka shi, Balki? Gara ke ki ci shi da gara ta cinye shi."

Da safe na hau mota, kafin azahar ina gida Mafara. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa tsohuwar Maradun da ta raba tabarmarta da ni. Matan unguwa da muka yi layin ƙuri'a tare suka shigo jin labari, na ce musu na gaji. Da kaka Yaya Ummaru ya sayar da fartanyarsa ya tafi dako can Kurmi, ƙasar kudu, bai sake noma shinkafa ba har ya koma ga Allah.