Gwiwar Papa Bosenge

Duk wanda ya taɓa sauka gidan rawar nan na ƙarƙashin ƙasa a Toronto ranar Asabar ya san Papa Bosenge. Ni ce mai gasa kifi a tagar baya, don haka na san shi fiye da yadda yake so.

Daga Kinshasa ya zo tun gashinsa na baƙi, da akwati cike da kwat, ba ko tukunya ɗaya. Ranakun aiki motocin bas yake wankewa. Ranar Asabar kuwa sai ka rantse minista ne: kwat ruwan ƙwai, takalmin fatar kada, ƙamshi kamar an fasa shagon turare. Ko ƙanƙara ake zubawa ba ya ɗora rigar sanyi, wai tana ɓata guga. Haƙoransa na kaɗawa, yana cewa kiɗa yake bi.

Rawa ɗaya ce ta yi masa suna. Waƙoƙinmu na gida doguwar shimfiɗa gare su, mawaƙi ya yi ta kukan soyayya, sai can kusa da ƙarshe jita ta ɓalle. A nan Papa yake murza ƙugu yana sauka a hankali har ya kusa taɓa ƙasa, sannan ya taso kamar hayaƙi. To amma tsufa bai san kwat ba. Likita ya ce gwiwar hagu ta gama aikinta.

Sai ga shi yana zawarcin Mama Nsimba mai shagon kitso. Ta ce masa, "Ni fa labarin rawar nan kawai nake ji, ku maza da baki. Ran da na gani da idona, ka je ka gaida yayana."

Asabar ɗin da Mama Nsimba ta zo kallon rawar, ya zo tagata yana warin man zafi.

"Mama Mbuyi, sauka ɗaya ta rage a gwiwar nan. Yau zan kashe ta."

Na ce, "In ka sauka ba ka taso ba, ni ba na dako. Takalmin dai ni zan gaje shi."

Ashe mura ta kwantar da mai saka mana waƙa, an ɗauko wani ɗan Jamaika, Linval. Su a al'adarsu, in waƙa ta yi daɗi jama'a suka ɗau ihu suna dukan bango, sai a katse ta a mayar da ita farko. Girmamawa ce. Mu ba wanda ya gaya mana.

Aka sa waƙar Papa, aka buɗe masa fili. Ya yi ta taku yana gyara wuyan riga har jita ta ɓalle. Ya fara sauka, wuri ya kaure da ihu, 'yan Jamaikan da suka biyo Linval suka hau dukan bango. Ƙiii! Waƙa ta koma farko. Papa na rabin hanya, sai ya yi kamar takalmi yake gogewa, ya miƙe.

Karo na biyu ma haka. Ya ɗaga hannu yana haki. "Kai ɗan nan, wa ya aiko ka?"

Linval ya washe baki. "Don kai ne, Baba! Ka ƙone gidan! A sake!"

A na uku Papa ya kai har ƙasa. Ƙiii! Gwiwa kuwa ta ce nan ta sauke kaya. Ga shi tsugune, gumi na ɗiga, yana kaɗa kafaɗa don kar a gane. Samari suka ɗauka sabon salo ne, rabin fili ya tsuguna. Ni dariya ta sa kifi biyu suka ƙone.

Mama Nsimba ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta taka har gaban Linval. "Ka sake taɓa abin nan, sai na kitse maka yatsu." Ta dawo ta cafki wuyan rigar Papa, ta ɗaga shi kamar buhun rogo.

"A hankali, Mama, kwat ɗin!"

"Rufe min baki, tsoho. Sauka dai na gani. Tasowar ni zan riƙa yi maka."

Ranar Lahadi ya je gaida yayanta yana ɗingishi. Yanzu duk Asabar suna zuwa tare, shi cikin wata ƙatuwar rigar sanyi da ta saya masa, kamar an naɗe shi da katifa. A kujera yake rawarsa, daga ƙugu zuwa sama. Takalmin kuma har yau ban samu ba.