Ranar da Aka Cike Marinar Mahaifinmu

Yayana ya cuce ni, ya cuci yaran garinmu, kuma ko a gabansa haka nake faɗa. Ranar da ya sa aka cike marinar mahaifinmu ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Marinar tana bayan tsohuwar kasuwar garinmu, a ƙasar Kiyawa. Tun kaka da kakanni ake rini a ramukan nan, kowane rami da sunan mai shi. Da mahaifinmu ya rasu aka daina, wurin ya zama makwancin awaki. Ni kuwa sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata. Malamarmu sa'ar 'yata ce, da safe a firamare take koyarwa. Wata rana ta ce mini, "Inna, yaran nan zato suke a Kano kaɗai aka yi rini. Ranar Litinin ki kai mu marinarku, su gani da idonsu, su ji daga bakinki." Na dawo gida kamar an ba ni sarauta.

Ranar Lahadi da la'asar na ɗauki tsintsiya in je in share wurin. Sai na tarar tifa ta juye jar ƙasa, leburori na ta tura ta cikin ramukan da shebur. Yaya na tsaye, hula a ƙeya.

Na ce, "Yaya, me nake gani haka?"

Ya ce, "Shaguna zan gina. Ramukan sauro ne, jiya ma ɗan akuya ya faɗa."

"Da wa ka yi shawara? Ni ba 'yar gidan ba ce? Gobe fa zan kawo 'yan makaranta su ga wurin."

Ya yi dariya. "Tun da kika iya rubuta sunanki kin hana mu sakat. To, Malama, zana ramin a takarda ki kai musu."

Na ce, "Tun ban iya ba na san ramin da aka rina rigar angwancinka. Ga shi can ka binne."

Leburorin suka tuntsire da dariya, amma shebur bai tsaya ba.

Ba shagunan ne ke ci mini rai ba. Cikin ramukan nan da laso aka shafe shi, wato tokar shuni da gashin akuya, sumul kamar cikin ƙwarya, ruwa ba ya yoyo. Yau babu mai iya wannan aiki a garinmu, ko ɗaya. Ina tsaye ina kallo ƙasa ta shanye su, har da sunayen masu su. Da a ce lokacin da mahaifinmu yake da rai wani ya kai masa 'yan makaranta, da Yaya bai isa ya kira wurin ramin sauro ba. Abin da na koya ke nan: wurin da yara ba su san labarinsa ba, kango ne kawai, kowa ma zai iya rushe shi.

Kafin magariba ƙasar ta ƙare, saura rami ɗaya a gindin tsamiya. Yaya ya ce wa direba ya kawo wata gobe da hantsi.

Washegari ban jira koko ba. Na je firamare, na taho da malama da ajinta kakaf, na zaunar da su kewaye da bakin ramin. Da tifar ta iso, na ɗaga wa direba hannu na ce, "Kashe motar, ɗana. Darasi muke yi."