Madam Yagana da Muƙamuƙin Akuya

A unguwarsu ta Tanut, in ana zancen matan da suka yi lakwal, wato makarantar boko, Yagana ba ta jira a ambace ta, da kanta take shigowa zancen. 'Yar Malam Ilyasu tela ce. Ta kai ajin ƙarshe na firamare, ta zauna jarrabawar satifika sau biyu, sunanta bai fito ba. Karon farko zazzaɓi ne ya kayar da ita, kowa ya shaida. Karo na biyu kuwa, in an matsa mata, sai ta yi dariya ta ce, "Ni dai lafiyata ƙalau ranar. Tambayoyin ne ba su da lafiya."

Duk da haka ta riƙe lakwal ɗin nan kamar gadon uba. Ko gishiri za ta aika a sayo, sai ta jefa kalma ɗaya ta Faransanci a ciki. Mijinta Sahabi, manomin gero ne mai sanyin hali wanda karatun allo kawai ya yi, ya saba da ita haka, ba ya tankawa.

Wata shekara gero bai yi ba, Sahabi ya sami aikin gadin wani famfo mai aiki da hasken rana a daji, arewa da Ollelewa, inda makiyaya ke shayar da dabbobi. Wurin ba komai sai ɗakin mai gadi, da tanki a sama, da kwamin shayarwa, da farantan sola a jere cikin shinge. Makaranta mafi kusa, sai an yi tafiyar da ƙafar yaro ba za ta iya kullum ba. 'Ya'yansu uku: Zuhaira babba, wadda ta riga ta fara lakwal a Tanut, sai Abdulhafiz da ya isa shiga, sai ƙaramin, Haris.

"Mu bar manyan biyu wurin Iya," in ji Sahabi. Iya Lantana ce yake nufi, mahaifiyarsa. "Su ci gaba da karatunsu a gari."

Gaskiyar magana, Yagana ba ta taɓa kwana ba tare da ta ji numfashin yaran nan ba, kuma ba ta shirya farawa ba. Amma ba ta ce haka ba. Sai ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Malam, ni ina me? Ni ba lakwal na yi ba? Abin da mushe, malamin lakwal, zai koya musu, ai a kaina yake."

Sahabi ya dube ta, ya dubi kan nata, ya ce, "To."

Haka suka loda kaya a mota ranar kasuwa, har da awaki biyu, suka tafi su duka.

Yagana ba ta yi wasa da shiri ba. Ta samo wani tsohon ƙyaure, ta daka gawayi ta kwaɓa da ƙaro ta shafe shi baƙi ƙirin, ya zama babban allo. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar wata aduwa da ke bayan ɗaki. Da hantsi, bayan yaran sun wanke allunansu na Ƙur'ani wurin babansu, sai ta ɗauki murfin tukunya ta buga da ludayi. Ta sa su jeru su shiga aji ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ajin ba shi da ƙofa. Haris yakan shigo ba wando. Ta kafa doka: daga buga murfi zuwa tashi, babu Mama, sai Madam.

Ranar farko ta tafi kamar a mafarki. Ta ce "debu", suka miƙe. Ta ce "asi", suka zauna. Ta ce "silans", suka yi tsit, alhali dama ba wanda ke magana. Ta sake tsayar da su, ta sake zaunar da su. Can sai ta ga Zuhaira na kallonta, tana jiran a fara darasi. A nan ne Yagana ta leƙa cikin kan nan da ta yi wa mijinta alfahari da shi, ta tarar abin da ya zauna mata daga lakwal yawancinsa tsawa ce. Tashi, zauna, yi shiru, fita waje. Sauran ya bi shekaru.

Baƙaƙe kam ta san su, lissafi ma ba laifi. Da su ta riƙe ajin. Abdulhafiz ya koyi haɗa baƙi da wasali a kan yashi. In raƙuma suka zo kwami, sai ta tura su bakin shinge su ƙirga, a cire waɗanda suka sha suka tafi, a ƙara masu isowa. Wannan yana tafiya daidai. Sai dai da Hausa ake yi, kuma a ganin Yagana karatun da ba a wahala a cikinsa bai cika karatu ba.

Sai ta tuna da sambol. A zamaninsu, duk ɗalibin da aka kama yana Hausa a lakwal, rataya masa ƙashin dabba ake yi a wuya, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Ita ta sha shi ba adadi. Ta zaga bayan kwami ta tsinto busasshen muƙamuƙin akuya, haƙora a jere, ta wanke, ta ɗaura masa igiya.

Ta yi wa yaran bayani, ta ce wannan ce Hausa ta ƙarshe da za a ji a ajin nan. Haris ta ɗauke masa, don shi Hausar ma bai gama iyawa ba.

Zuhaira ta ɗaga yatsa. "Har da Madam?"

"Har da ni," in ji Yagana, tana murmushin wadda ta san abin ba zai taɓa zuwa kanta ba.

Ba a yi nisa ba akuya ta tura kai cikin ƙwaryar gero da ke bakin ɗaki. Yagana ta zabura. "Kai, Abdulhafiz! Kori 'yar banzar nan!"

Abdulhafiz ya kori akuya. Da ya dawo, Zuhaira na tsaye da igiya a hannu biyu, cikin ladabi, kamar mai miƙa wa baƙo ruwa. Yagana ta sunkuyar da kai aka rataya mata.

Yaran ba su daɗe ba suka gane cewa wanda ya yi shiru ba a kama shi. Ita kuwa Madam dole ta yi magana, ga tukunya a wuta, ga Haris da ke cin ƙasa, ga Faransanci da ke ƙarewa a tsakiyar zance. Sai ya zama muƙamuƙin ya fi sanin wuyanta fiye da sarƙar aurenta. Sahabi yakan wuce da tsumman goge sola a kafaɗa, ya ce, "Sannu da aiki, Madam," ya yi sauri ya kewaya bayan tanki. Tana jin dariyarsa daga can.

Abdulhafiz kuma ya samo tarko. Ya koyi cewa "se kwa?", wato mene ne wannan, sai ya riƙa nuna abubuwa. Ya nuna muciya. Yagana ta nemi muciya a Faransanci sama da ƙasa, ba ta taɓa jin Bature ya tuƙa tuwo ba. Ta daure fuska ta ce, "La muciya." Ya nuna tsintsiya. "La tsintsiya." Da ta ga ba wanda ya musa, sai hanya ta buɗe mata. La turmi, la faifai, la akurki. Yaran suka haddace duka. Zuhaira kaɗai takan ɗan yi jim kafin ta maimaita.

Ana haka, wata ranar kasuwa motar masu duba famfo ta iso daga Tanut. A ciki akwai Almustafa, ƙanin Sahabi, wanda ya yi karatu a Zinder yake aiki da su. A kujerar gaba kuma Iya Lantana ce, ta biyo su ta ga jikoki.

Yagana ta taso da gudu daga gindin aduwa, ta durƙusa. "Iya, sannu da zuwa! Sannu da hanya!"

Iya ta tsaya cak. Idonta na kan ƙirjin surukarta, inda haƙoran akuya ke lilo. Ta ja da baya, ta fara salati. Ta kama hannun ɗanta ta ce da murya ƙasa-ƙasa, wadda kowa ya ji, "Sahabi, tun yaushe? Na ce maka dajin nan ba kowa ke zama cikinsa ba. Me ya sa ba ka aiko ba?"

"Iya, lafiyarta ƙalau. Karatu ne."

"Karatu? Karatun wa?"

Kafin Yagana ta gama kwance igiyar, wadda ta ƙi kwantuwa ranar, Iya ta riga ta yi mata tofi a ka. Almustafa ya jingina da mota yana share hawayen dariya. Da ya samu numfashi ya gaida yaran da Faransanci, Abdulhafiz ya ga dama ta zo. Ya kama hannun baffansa ya zagaya da shi gida yana nuna masa kaya. "La muciya. La turmi. La tsintsiya."

"Wa ya koya maka?"

"Madam."

Almustafa ya juyo. "Matar Yaya, wannan Faransancin na wace ƙasa ne?"

"Na nan Damargu ne," in ji Yagana. "Ku na Zinder ba ku kai nan ba tukuna."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Amma da ta shiga ɗaki ɗebo wa baƙi fura, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

Bayan la'asar, Iya ta kira ta gindin aduwa. Ta riga ta huce, ta ga Abdulhafiz ya rubuta mata sunanta a kan yashi, ta sa an karanta mata har ta gamsu.

"Yagana, kin yi ƙoƙari, ban raina ba. Amma da niyyar tafiya da yaran nan na zo."

Yagana ta buɗe baki za ta kawo zancen lakwal ɗinta, sai ta hango Zuhaira can bakin kwami. Yarinyar ta tsare Almustafa, tana nuna masa abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mata sunayensu na gaskiya, tana maimaitawa a hankali. Ba ta nuna komai ba sai waɗanda uwarta ta saka wa "la". Ashe ta daɗe da sani. Ta yi shiru ne kawai don kada Madam ta ji kunya a gaban aji.

Yagana ta daɗe tana kallonta.

"Iya, ki tafi da Zuhaira," ta ce. "Ta wuce ni. Mazan ki bar mini su, har yanzu ina gabansu da ɗan taku."

Iya ta yi nazari, ta ce ta yarda.

Da motar za ta tashi washegari, Yagana ta ɗaure wa Zuhaira kayanta, ta cusa mata ƙuli-ƙuli da busasshen cuku a ƙullin. Zuhaira ta tsaya a bakin mota ta ce, "Mama, ko in ce Madam?"

"Ke tafi can. Mama."

Ta tsaya har ƙurar motar ta kwanta. Haris ya tambaye ta me ya sa idonta ke ruwa, ta ce hayaƙi ne. Abdulhafiz ya waiwaya ya dubi murhu, ba a ko hura wuta ba, sai ya ja hannun Haris suka koma gindin aduwa.

Muƙamuƙin ta jefa shi bayan shinge. Ta mayar da karatu Hausa, Faransanci kuwa sai abin da ta tabbatar. Ta roƙi Almustafa ya riƙa aiko mata kalmomi da murya ta wayar Sahabi. Wayar ba ta kamawa sai a kan wani tudun yashi, don haka kowace yamma za ka hango Yagana a can sama, hannu ɗaya a ɗage tana neman rezo, wato sabis, tana maimaita wa iska abin da za ta koyar gobe. Wani Buzu mai raƙuma, Rissa, ya tambayi Sahabi ko matarsa wa take kira a saman tudu. Da ya ji bayani, sai ya kawo 'ya'yansa biyu, ya ce duk lokacin da suka sauka kusa a zaunar da su tare da nata. Su ba su da Hausa sosai, ita ba ta da Buzanci ko kaɗan, ajin ya koma nuni da hannu da dariya. Duk da haka babbar ta iya rubuta sunanta kafin su tashi.

Zuhaira ta shiga aji a Tanut ba tare da an mayar da ita baya ba. A lissafi ma, in ji malamarta, ba ta da na biyu. Yagana ta sa an maimaita mata wannan saƙon har Sahabi ya ce batirin zai mutu.

Har yau suna can bakin famfo. Makiyaya daga Gangara har Belbeji sun san ta da Madam, kuma ta daina gyara musu. In mata suka tambaye ta yaya makaranta, takan ce tata makarantar ba ta da jarrabawa, duk ɗalibin da ya fara kama malama da kuskure ya gama, sai a sa shi mota. Kwanan baya tana rubutu a allo, Abdulhafiz ya yi gyaran murya ya ce, "Madam, kamar akwai baƙi ɗaya da ya ɓace." Ta duba, ta ga gaskiyarsa, ta ce da gangan ta yi don ta gwada su. Da aka tashi, ta shiga ɗaki ta ciro wani tsohon zane mai ƙwari, ta zauna a bakin ƙofa ta fara yanka masa jakar lakwal.