Masarar Lissafina Ta Tafi Gun Kajin Hedimasta

Jama'a, yau hedimasta ya ƙona min rai!

Na raba 'yan aji uku gida biyu. Masu saurin ganewa suna lissafi a allo, sauran na zuba musu masara a tabarma su kasa. Sai ga Hafsatu, da ba ta taɓa magana a aji ba, ta ɗaga hannu! "Malama, sha biyu kashi uku, huɗu-huɗu ne!"

Kawai sai hedimasta ya faɗo ajin. "Malama Binta, nan kasuwar Danja ce? Kowa ya koma benci!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ta gane!"

Wallahi ko kallona bai yi ba. Ya kwashe masarar, wai ya kai wa kajinsa!

Hafsatu ta sauke hannunta. Har aka tashi ba ta ƙara ɗaga shi ba.